Me ya sa gwamnati ba ta iya daƙile annoba sai da hannun mutanen gari?

Idan annoba ta ɓarke, abin da ake fara gani a labarai shi ne minista a gaban 'yan jarida, da jiragen kayan agaji, da likitoci cikin kayan kariya tun daga kai har ƙafa. Duk wannan yana da amfani. Sai dai makomar annobar tana rataye ne a kan 'yan kwanakin da ke tsakanin ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum da ranar da labarinsa ya isa kunnen ma'aikacin lafiya. A wannan tsakanin ne mara lafiya ke shafa wa mai jinyarsa, da wanda ya wanke masa kaya, da direban da ya ɗauke shi. Kuma kwanakin nan ba a hannun gwamnati suke ba. Iyali da maƙwabta ne ke yanke shawarar ko a kira hukuma yau, ko a bari sai jibi, ko a rufe ƙofa a yi shiru.

Cutar Ebola ta fi kowacce fito da wannan fili, saboda yadda take yaɗuwa. Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 21 kafin ta nuna a jiki, mutum ba ya shafa wa wani sai alamu sun bayyana, kuma ta jini da amai da gudawa da sauran ruwan jiki take bi. Gawar wanda ta kashe ta fi komai haɗari. Don haka aikin daƙile ta uku ne: a gano mara lafiya da wuri a keɓe shi, a rubuta duk wanda ya taɓa shi a riƙa duba su kullum har kwana 21, sannan a binne mamaci ba tare da an kwashi cutar ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da zai yiwu idan mutane ba su buɗe baki ba. Ɗakin gwaji zai iya tabbatar da cewa jinin wane yana ɗauke da cutar, amma ba zai faɗi wa ya kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Lokacin da Ebola ta shiga Legas a watan Yulin 2014, mutum 20 kacal ta kama a duk faɗin Najeriya, 8 suka rasu. Amma kafin a kai ga haka sai da aka bibiyi kusan mutum 900, da ziyarar ido da ido wajen sau 18,500. A kowace ziyara akwai wanda ya yarda ya buɗe ƙofa.

A Gini da Laberiya da Saliyo, inda annobar ta kama sama da mutum 28,600 ta kashe sama da 11,300 tsakanin ƙarshen 2013 da 2016, an ɗauki watanni ana rufe ƙofofin. Mafi munin abin da ya faru shi ne na ƙauyen Womey a kudu maso gabashin Gini, a watan Satumban 2014, inda aka kashe mutum takwas cikin tawagar da ta je faɗakarwa, har da 'yan jarida da jami'an lafiya. Babu abin da zai wanke wannan kisa. Amma duk wanda ya tsaya a kan cewa jahilci ne ya jawo, to ya bar rabin labarin. A duba abin da mutumin ƙauye yake gani da idonsa. Motoci sun shigo, mutanen da ba a ganin fuskarsu sun sauko, sun feshe gida da ruwa mai warin da ba a saba ji ba. Sun ɗauke mara lafiya. Bayan kwana uku an ce ya mutu, an kuma binne shi a inda danginsa ba su sani ba. Cibiyoyin jinyar farko sun cika maƙil, kuma da yawa cikin waɗanda aka kai sun riga sun yi nisa. Wanda ya ce duk mai shiga motar nan ba ya dawowa, abin da ya gani ya faɗa. Ga shi kuma yankin dajin Gini ya daɗe ba ya ga-maciji da mahukuntan Konakiri, babban birnin ƙasar.

Abin da ya faru a West Point, wata unguwar talakawa mai cunkoso a bakin teku a Monrobiya, babban birnin Laberiya, ya nuna yadda gwamnati kan ƙara wa kanta aiki. An buɗe wurin ajiye waɗanda ake zargi da cutar a wata makaranta cikin unguwar, ana kawo marasa lafiya har daga wasu unguwanni, ba tare da an zauna da mazauna wurin ba. Ranar 16 ga Agustan 2014 jama'a suka afka wa wurin, marasa lafiya suka watse, aka yi awon gaba da katifu da zannuwan gado masu ɗauke da cutar. Martanin gwamnati shi ne ta kewaye unguwar da sojoji da wayar ƙarfe ranar 20 ga wata. Dubun-dubatar mutanen da sai sun fita suke samun na sakawa a baki suka wayi gari a kulle. Abinci ya yi tashin gwauron zabi, aka yi arangama, harsashi ya samu wani yaro ya mutu. Masu hali suna ba da na goro su fice. Killacewar da aka yi nufin ta kai kwana 21, kwana 10 ta yi aka janye, kuma daga baya shugabar ƙasar a lokacin, Ellen Johnson Sirleaf, ta amince cewa kuskure ne. Abin da ya yi aiki a unguwar bayan haka shi ne 'ya'yanta da suka raba ta shiyya-shiyya, suna bi gida-gida suna tambayar wa ke kwance. Wani masani ɗan ƙasar, Mosoka Fallah, wanda shi ma a irin waɗannan unguwanni ya tashi, yana cikin waɗanda suka tsara wannan aiki.

Batun gawa ne ya fi zafi, kuma a nan aka fi koyon darasi. Jana'izar wata mai maganin gargajiya a gundumar Kailahun ta Saliyo, a watan Mayun 2014, an alaƙanta ta da mutuwar sama da mutum 300. Ke nan dole a canja yadda ake binne mamata. Tambayar ita ce wa zai tsara canjin. Gwamnatin Laberiya ta ba da umarnin ƙona gawarwaki a Monrobiya daga watan Agusta, abin da al'adar ƙasar ba ta sani ba. Sakamakon shi ne mutane suka daina kai 'yan uwansu asibiti don gudun kada a ƙona su, ana binne mamata a ɓoye da dare, wato daidai abin da ake gudu. Sai a ƙarshen shekarar aka buɗe maƙabarta ta musamman aka daina ƙonawa.

A watan Nuwamban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin binne mamata, wanda aka rubuta tare da ƙungiyoyin Musulmi da na Kirista da ƙungiyar agaji ta Red Cross. Hukumar ta ce a lokacin aƙalla kashi 20 cikin ɗari na sababbin kamuwa a wurin jana'iza ake samun su. Ya kamata a kalli tsarin da kyau, don ya nuna yadda sulhu yake kasancewa a aikace. Tawaga ba ta sauka daga mota sanye da kayan kariya. Tana isowa cikin kayan gida, a gaisa, a yi ta'aziyya, a nemi mai magana da yawun iyali da malami ko limamin coci, a bayyana abin da za a yi, a jira amincewarsu. Sai bayan haka ma'aikata su sa kayansu a gaban kowa. Idan Musulmi ne, tun da wanka ba zai yiwu ba, ana yi masa taimama, a sa shi a likkafani, a yi masa salla daga ɗan nesa. Dangi za su iya haƙa kabari, su raka gawa, su zuba ƙasa, su sa alama don su san inda nasu yake. Abu ɗaya ne ba a sassauta ba: babu mai taɓa gawa da hannu. Duk sauran abin da aka riƙa hanawa a watannin farko, ashe ba shi da alaƙa da yaɗuwar cutar. Gaggawa da rashin tambaya ne suka sa aka hana.

Akwai wani abin lura game da yadda annobar ta lafa a Laberiya. A watan Satumban 2014 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi hasashen cewa idan ba a yi komai ba, masu kamuwa a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 kafin ƙarshen Janairu. Amurka ta tura sojoji kusan 3,000 don gina cibiyoyin jinya. Amma adadin ya fara sauka tun kafin a kammala yawancinsu, har wasu da dama ba su taɓa karɓar mai Ebola ko ɗaya ba. Mutane ne suka canja hali: suka daina musabaha, suka ajiye bokitin wanke hannu a ƙofa, suka hana baƙo kwana sai an san daga inda ya fito, masu jinya a gida suka riƙa rufe hannuwansu da leda. A Saliyo sarakunan gargajiya suka kafa dokokin gari da tara ga duk wanda ya ɓoye mara lafiya. Wannan ba yana nufin gadaje da ɗakunan gwaji ba su da amfani ba ne. Unguwar da ta gano mara lafiya ta kira mota ba ta zo ba, gobe ba za ta sake kira ba. Gwamnati ce ke da mota da gado da magani, jama'a ke da labari da izinin shiga gida, kuma kowane ɓangare yana lalacewa idan ɗayan ya gaza.

A nan ne ake yawan yin ruɗu. Ma'aikatu da yawa idan suka ce sun shigar da al'umma, abin da suka yi shi ne sun buga takardu, sun sayi lokaci a rediyo, sun tara shugabanni a zaure sun karanta musu saƙo, an ɗauki hoto an watse. Wannan sanarwa ce, kuma ana buƙatarta, amma hanya ɗaya take bi. Mataki na gaba shi ne a saurara, a kuma canja wani abu saboda abin da aka ji. A gabashin Kwango, lokacin annobar Ebola ta 2018 zuwa 2020, masu sa-kai na Red Cross sun riƙa rubuta duk ƙorafi da jita-jitar da suka ji a gidaje, ana tattarawa a kai wa masu tsara aiki. Cikin abin da ya riƙa fitowa akwai zargin cewa jakar gawa babu kowa a ciki, ko an cire wa mamaci sassan jiki. Sai aka kawo jakunkuna masu taga ta roba a wajen fuska. Ƙungiyar likitoci ta ALIMA kuma ta yi amfani da ɗakunan jinya masu bangon roba da ake gani ta ciki, uwa ta tsaya a waje ta ga ɗanta, su yi magana. Mataki na uku, wanda gwamnatoci suka fi jan ƙafa a kansa, shi ne a miƙa wa mutanen gari wani yanki na yanke shawara da na kuɗi: ina za a kafa cibiya, wa za a ɗauka aiki, wa zai raba abinci ga gidajen da aka killace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sanin ba ya amfani idan ba a ba shi damar gyara ba.

Annobar gabashin Kwango, daga Agustan 2018 zuwa Yunin 2020, ita ce ta rushe tunanin cewa kimiyya kaɗai ta isa. A karon nan akwai allurar rigakafi mai aiki, an yi wa sama da mutum 300,000, an kuma samu magunguna biyu da suka rage mace-mace sosai. Duk da haka cutar ta kashe sama da mutum 2,200, ta kusa cika shekara biyu. A watan Fabrairun 2019 aka kai hari kan cibiyoyin jinya a Katwa da Butembo, a watan Afrilu kuma aka harbe wani likitan Hukumar Lafiya ta Duniya ɗan Kamaru, Richard Mouzoko, a asibitin jami'a da ke Butembo. Wani bincike da aka wallafa a shekarar ya gano cewa mutum ɗaya cikin huɗu da aka tambaya a yankin bai yarda akwai Ebola ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A Disamban 2018 aka hana Beni da Butembo kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa da hujjar annoba, alhali yankunan 'yan adawa ne. An shafe shekaru 'yan bindiga suna yanka mutane a yankin Beni duniya ba ta ko waiwayo ba, sai ga manyan motoci da albashi mai tsoka sun cika gari saboda cuta ɗaya, kuma mafi yawan ayyukan masu maiƙo baƙi aka ba. A daidai wannan lokaci ƙyanda ta kashe sama da mutum 6,000 a ƙasar, galibi yara ƙanana. Wanda ya tambaya me ya sa wannan cutar kaɗai ta dame ku, tambayarsa tana kan hanya, kuma rakiyar 'yan sanda ba ta amsa ta.

To su wane ne al'ummar da za a shigar? Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma ita aka fi tsallakewa. Hanya mafi sauƙi ga jami'i ita ce ya je wurin mai sarauta da babban malami, ya ɗauka ya gama. Wani lokaci hakan na isa, wani lokaci kuwa mai sarautar shi ne mutumin da matasa suka fi zargi da cin kuɗin agaji. Masu jinya a gida galibi mata ne, su ke fara ganin alamun cuta, amma ba su cika samun wurin zama a taron shugabanni ba. Mai maganin gargajiya da ungozoma da mai kemis, wurinsu mara lafiya ke fara zuwa kafin asibiti. Idan aka ɗauke su abokan gaba, an toshe idon da ya fi kowane saurin gani. 'Yan acaɓa sun san wa suka ɗauka da inda suka sauke shi. Waɗanda suka warke kuwa, fitowarsu da ƙafafunsu daga cibiyar jinya ta fi jawabi ɗari. Akwai kuma haɗarin da ba a son faɗa: dokar gari kan zama makamin takura wa baƙo, ko ɗan ƙaramar ƙabila, ko wanda dama ake jin haushinsa, kuma tsangwamar waɗanda suka warke daga cikin al'ummar take fitowa. Miƙa iko ba ya sauke wa gwamnati nauyin kare mai rauni.

Labarin shan inna a arewacin Najeriya ya nuna tsawon lokacin da amana ke ɗauka kafin ta dawo. A 2003 wasu jihohi suka dakatar da rigakafin bisa zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa, Kano kuma ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da kawo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba shi da tushe a kimiyya, amma ya samu wurin zama, don mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka mutu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, aka kuma sasanta shari'ar da jihar a 2009. A wannan shekarar aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, daga baya kuma aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa masu shiga gida-gida, aka haɗa ɗigon da duba wasu cututtukan da suka fi damun iyaye. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Jita-jita kuwa ba ta jira. A Agustan 2014 saƙon cewa wanka da shan ruwan gishiri na kare mutum daga Ebola ya karaɗe wayoyin Najeriya cikin dare ɗaya, aƙalla mutum biyu suka mutu. Abin da ya sa ta yi gudu shi ne daga bakin uwa da ƙanwa take zuwa, kuma ta ba mutane abin yi a lokacin da suke cikin firgici. Gyaran ma sai ya bi ta bakin da aka yarda da shi.

Masu adawa da tsarin shigar da al'umma suna da hujja mai ƙarfi guda: lokaci. Cutar da ke ninkuwa duk mako biyu ko uku ba za ta jira a gama zaman shawara ba, kuma akwai matakan da dole hukuma ta tilasta. Gaskiya ne. Amma tilastawar ma ba ta tsayawa da ƙafarta sai an tanadi abin da mutane za su rayu da shi. Ranar 24 ga Maris 2020 Indiya ta sanar da dokar kulle ta ƙasa baki ɗaya da wa'adin sa'o'i huɗu, miliyoyin 'yan ci-rani suka rasa aiki da wurin kwana, da yawa suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa. Gidan da aka killace ba a kai masa abinci da ruwa ba, wani zai tsallaka katanga, kowace irin doka aka kafa. A Tailan kuwa, masu sa-kai na lafiya a ƙauyuka sama da miliyan ɗaya, tsarin da aka kafa tun ƙarshen shekarun 1970, su suka riƙa bin waɗanda suka dawo daga birane suna lura da su lokacin korona. Ba su ɓata lokacin gabatar da kansu ba, don kowane gida ya san su.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A ƙarshen 1966, a yankin Ogoja, likita ɗan Amurka William Foege ya tarar da ɓarkewar agana ga kuma ƙarancin allura. Ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, aka aika 'yan saƙo ƙauye-ƙauye su gano inda masu cutar suke, aka yi wa na kewaye da su rigakafi, har da kasuwannin da suke ci. Cutar ta tsaya ba tare da an yi wa kowa da kowa ba, kuma wannan salo ne ya zama ginshiƙin kawar da agana daga duniya, wanda aka tabbatar a 1980. Cutar kurkunu ma, da ta sauko daga kimanin mutum miliyan 3.5 a 1986 zuwa ƙasa da 20 a shekara, ba ta da allura ko magani. Masu sa-kai na ƙauye da matatar ruwa ne suka yi aikin.

Inda aka fi samun cikas yanzu shi ne kasafin kuɗi. Kuɗin annoba yana zuwa ne bayan ta ɓarke, yana tafiya da zarar an cika kwana 42 ba a samu sabon kamu ba, wato wa'adin da ake ayyana ƙarshen annobar Ebola, ko abin da ya yi daidai da haka a wasu cututtukan. Kwamitocin unguwa su watse, layin wayar da ake kira ya mutu, masu sa-kai su koma gida, wasu da bashin alawus a kan hukuma. A Saliyo, a watan Nuwamban 2014, ma'aikatan binne gawa a Kenema sun ajiye gawarwaki a bainar jama'a don nuna fushinsu kan kuɗin haɗarin da ba a biya su ba. Ma'aikacin lafiya na unguwa da ake biya a kan kari, wanda ke duba zazzaɓin cizon sauro da masu ciki duk shekara, shi ne wanda zai fara lura cewa mutum uku sun mutu a gida ɗaya cikin mako guda, kuma shi za a yarda a gaya wa sunayen waɗanda suka yi musu wanka. Albashinsa yana cikin kasafin kiwon lafiya a matakin farko, ɓangaren da ake fara yanka a duk shekarar da babu annoba.